Ramar Alasan Mai Tsire

Jega, farkon watan Muharram

Zuwa ga ɗan'uwana Alasan mai tsire, Zangon Lome,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafata ta hagu da ke tashi lokaci-lokaci. Autana Muslim yana gaishe ku. Kayan lefen 'yarka Afra'u sun kusa kammala. Atamfofin da na ba Rahinatou sautu daga kasuwarku ma ta kawo, kuma sun yi kyau.

To ba atamfa ce ta sa na ɗauki biro ba. Muna cikin buɗe kaya Rahinatou ta ce, "Hajiya, yaushe rabonki da ganin hoton Alasan?" Na ce an jima. Ta ci gaba da ninke zane. Sai da na matsa mata sannan ta ce ta wuce ta gaban tukubarka ba ta gane ka ba, sai da ka kira sunanta. Wai rigarka yawo take yi a jikinka, ƙashin wuyanka ya fito, hula ma ta yi maka yawa. Alasan, kai da muke yi wa tsiya cewa babur ɗaya ba ya ɗaukarka?

Na tambayi Muslim, tunda gidanka yake sauka in ya je ɗauko motoci a tashar jirgin ruwa. Ya ce wai Baba ya ɗan rage jiki ne kawai. Amma shi yanzu ko rufin gidanku ne ya faɗo cewa zai yi lafiya lau, saboda Afra'u.

Ban kira ka a waya ba don gidan nan cike yake da surukai, ina ɗaga waya kowa zai samu aikin yi a bakin ƙofata. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, ga shi kuma za mu haɗa 'ya'yanmu aure a watan Rajab in Allah ya kai mu. Ina da haƙƙin in tambaya. Me ke damunka? Ka ba Rahinatou amsa in za ta dawo.

'Yar'uwarka,
Asiyatu

Zango, Lome, ƙarshen Muharram

Yaya Asiyatu,

Wa'alaikumus salamu. Takardarki ta same mu lafiya. Hajara tana gaishe ki, ta ce a riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi. Afra'u ta ji labarin atamfa ta rufe fuska ta gudu ɗaki. Nan ruwan sama ya ɗauke, sai zafi da damshin teku.

Na yi dariya da na karanta maganar babur. To yanzu masu zemijan, wato 'yan acaɓarmu na nan, har rububina suke yi. A da in na tsayar da su duban tayarsu suke fara yi. Ki kwantar da hankalinki, Yaya, lafiyata ƙalau. Ramar da aka ba ki labari da gangan ce, kuma ban ga abin da ya kai Rahinatou auna wuyan mijin wata ba.

Sana'a tana tafiya. Inoussa ƙanin Hajara shi ke tsayawa a tukuba da rana yanzu, ni sai bayan la'asar nake fita. Tun da likita ya yi mini magana bara na bar mai gaba ɗaya, kuma ban yi nadama ba. Ba na son a yi ta yayata zancen ne kawai, kin san bakin mutanen Zango.

Maganar biki, nan za a ɗaura aure a masallacin unguwarmu, sannan a kawo muku amarya. Ki gaya mini mutum nawa za ku taho da su don in nemi masauki. Akwai wani amini a Avédji da ya ce zai ba mu gefen gidansa.

Ƙaninki,
Alasan

Jega, watan Safar

Alasan,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, amma zuciya babu sauƙi tun da takardarka ta zo.

Na karanta ta na sake karantawa. Ka ce Inoussa ke tsayawa a tukuba, likita ya yi maka magana, ka bar mai gaba ɗaya. Tukubar da ka gada wurin mahaifinka, wadda ka aurar da 'ya'ya da ita, ita ka ɗauka ka bar wa ƙanin matarka? Ba wanda ke raba abin hannunsa yana raye sai an gaya masa wata magana mai nauyi. Wace magana likitan ya faɗa da ba ka so a yayata? Kuma ka ce lafiyarka ƙalau. Mai lafiya me ya kai shi wurin likita?

Tunda ka ƙi buɗe mini ciki, na roƙi Rahinatou ta bincika mini a hankali wurin maƙwabtanka da abokan sana'arka. Kada ka ga laifinta, ni na sa ta. Abin da ta jiyo bai yi mini daɗi ba. An ce kwanonka daban yake a gida, ba ka cin abinci tare da kowa. An ce ko walima aka kai ka hannu kake naɗewa. An ce fatarka ta bushe tana fari-fari.

Ni ba yarinya ba ce. A nan Jega na ga mutum biyu da suka fara da irin wannan ramar, aka yi ta cewa shawara ce, har ta kwashe su da matansu. Garinku kuma garin bakin teku ne, kowane irin mutum yana shiga yana fita. Ba na zargin kowa, amma ɗana zan ba ku. Ina so kai da Hajara da Afra'u ku je a gwada jininku, a aiko mini da takardar. In ba komai, shi ke nan, mu ci gaba da shirinmu. Maganar masauki ta dakata tukuna.

Asiyatu

Zango, Lome, watan Safar

Yaya,

Na amsa sallamarki don wajibi ce. Iyali lafiya. Wannan takardar ba ta hannun Rahinatou za ta zo ba, direban motar Sakkwato na ba, don na lura taki ta ƙarshe an buɗe ta an sake liƙewa.

Mai nake nufi, Yaya. Man gyaɗa, man ja, man shanu, kitse. Shi na bari. Tukubata tana hannuna, ban bar wa kowa ko tsinken tsire ba. Da kin tambaye ni kafin ki aika a bi ni gida-gida, da layi ɗaya ya ishe mu.

Ga abin da ban so faɗa ba. Bara na sunkuya zan ɗauki cinyar sa, sai na ga duhu, na farka a ƙasa. Likita ya ce jinina ya hau, ƙiba ta yi mini yawa, in ban rage maiƙo da gishiri ba zuciyata ba za ta kai ni nesa ba. Afra'u ta karɓi girkina. Ta duba a wayarta ta samo wani tsarin cin abinci, ta kwashe duk wani mai daga tukunyata. Miyar ademe, wato lalo, ba man ja. Kifi dafaffe. Kaza sai an saɓule fatar. Wagashi, cukun nan da nake so soyayye, yanzu a ruwa ake dafa mini shi. Shi ne kwano daban da aka ba ki labari. Ki gaya mini, mahaucin da ya shekara talatin yana cewa mutane daɗin nama yana wurin kitse, da wane baki zai ce shi an hana shi?

Ba zan ce abin bai yi amfani ba. Shekara nawa ina salla a kan kujera, yanzu goshina yana taɓa ƙasa. Gwiwoyina sun daina kuka. Ina takawa daga gida zuwa tukuba ba na haki, Hajara ta ce na daina minshari. Jinin ma ya sauka.

Amma ba zan ɓoye miki wahalarsa ba. Abinci ba mai ba ya zama a ciki. In na ci tuwo, kafin a kira salla ta gaba yunwa ta dawo, sai in bi da burodi da shayi mai sukari, ko in jiƙa gari in sha. Fatata ta bushe, gaskiya ne. Sanyi nake ji a garin da kowa ke gumi. Raina yana saurin ɓaci, kuma tsayuwa a kan nama yana ɗiga a wuta alhali ba halin in kai baki, ita ta sa na rage fita da rana. Kwanan nan ma wani ciwo yana ɗan sukata a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yana zuwa yana tafiya.

Yanzu ki ji abin da bincikenki na a hankali ya haifar. Rahinatou ta tambayi mai koko, ta tambayi masu faci, ta tambayi matan da ke sayar da kayan miya. Kowa ta tambaya sai ta ce, "Dangin mijin da Afra'u za ta aura ne suke son sanin ciwon da ke jikinsa." Kafin Juma'a Zango duka ya gama yanke hukunci. Ke kin ji nauyin kiran sunan ciwon, su ba su ji ba. Ƙanjamau suke cewa. Mutanen da ke layi a gabana yanzu tsallaka titi suke yi. Shekaranjiya wata ta aiko a sayo mata, ta ce a tabbatar Inoussa ne ya yanka. Nama yana kwana.

Ni ma ina da tambaya. Rahinatou tana da 'ya budurwa a gida, kuma kowa ya san yadda take yabon Muslim. Kin taɓa tunanin wannan? Ko kuwa ke ce kika samo masa wata a Jega, kike neman ƙofar fita? In haka ne ki faɗa a fili, ba sai an ɓata mini suna ba.

Gwajin jini ba zan yi ba. Ba zan kai matata asibiti in ce mata 'yar'uwata ce take tuhumarmu ba.

Alasan

Jega, ƙarshen Rabi'ul Awwal

Alasan,

Sallama. Muna nan da rai.

Wannan ita ce takarda ta biyu tun bayan taka, ta farko ba amsa. Na yarda na karanta maganar mai a karkace, kuma na faɗa maka haka a waccan. Amma sauran fa? Ni ma na taɓa rage maiƙo da likita ya ce, ban koma kamar sanda ba. Kai da kanka ka ce kana jin sanyi, kana jin suka a haƙarƙari. Wannan duk rashin man ja ne? Mai gaskiya me zai tsorata a gwajin jini?

Ba ni da wata yarinya a Jega. Rahinatou kuwa na daina ba ta saƙo, amma ita ba ta ce maka ka yi shiru ba. Muslim yana kiran Afra'u ba ta ɗauka. Ya kira Inoussa, ya ce masa kowa lafiya, ya kashe waya. Yaron nan ya daina cin abincin kirki, yana gani na kamar ni na kashe masa aure. Ya so ya taho na hana shi.

Shirun nan naku ni amsa ce a wurina. Na gaya wa baffanninsa an ɗaga biki sai abin da hali ya yi. Akwatunan suna ɗakina na rufe. In akwai abin da za ka ce, ka san hanyar Jega.

Asiyatu

Zango, Lome, watan Rabi'us Sani

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ni ce Afra'u. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, da Faransanci na yi makaranta, Hausa a gida na koya. Baba bai san na rubuto ba.

Takardunki biyu sun zo yana asibiti. Shi ya ce kada a gaya wa kowa a Jega, shi ya sa ban ɗauki wayar Muslim ba, don in na ji muryarsa ba zan iya yi masa ƙarya ba.

Ga yadda aka yi. Bayan ya aika miki amsa, wata ranar Juma'a da yamma ya fita tukuba, mutane suna dawowa daga kasuwa. Wani ya tsaya daga nesa ya ce, "Alhaji, yaya jiki?" da irin muryar nan. Baba ya ce, "Jikin wa?" Sai ya zaro tsire mai kitse daga wuta ya ce, "Ku zo ku ga marar lafiya yana cin abinci." Ya ci, ya ƙara, ya sa aka miƙo masa tozo ya cinye. Kawu Inoussa yana cewa, "Yaya, ya isa haka," bai saurare shi ba. Kafin magariba ya dafe cikinsa ya durƙusa a gaban kowa, yana amai. A taksi aka ɗauke shi.

Da aka yi hoton ciki aka ga tsakuwoyi a maɗaciyarsa, wannan 'yar jakar mai ɗaci da yake cirewa daga jikin hanta in yana gyaran nama. Likitar ta tambayi abin da yake ci, na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce ki cire mai duka?" Na ce a waya na gani. Ta ce abin da aka gaya masa tun farko ya rage ne. Wai maɗaciya sai ta ji ɗan maiƙo take matse ruwanta. In mutum ya daina cin mai kwata-kwata kuma yana ramewa da sauri, ruwan yakan kwanta ya daskare ya zama tsakuwa, ranar da aka loda mata kitse kuma sai ta tashi. Ta ce sukarinsa ma ya fara hawa saboda burodi da gari da yake cike ciki da su. Amma ta ce ƙibar da ya sauke ta taimaki zuciyarsa, ba don haka ba da aikin ya fi haɗari. Ni dai na kasa ɗaga kai. Ina ganin kamar ina ceto shi ne, ban taɓa komawa na tambayi likita ba.

An yi aikin, an cire ta. Ya dawo gida, yana takawa a tsakar gida. An ce a riƙa sa masa mai kaɗan, da kifi da wake da ganye da yawa, a rage sukari.

Kafin aikin sun gwada jininsa a kan komai, har da abin da kike tsoro. Babu. Ni da Inna ma mun yi namu a ranar. Inna ba ta san dalili ba, na ce mata ko za a buƙaci jini ne. Babu. Takardun suna nan, amma ba zan saka su a ambulan ba, Gwaggo. Na gaji da yadda maganar gidanmu ke yawo a hannun mutane. Wanda yake son gani ya zo ya gani.

Abin da takarda ba ta gyara ba shi ne tukuba. Tun da ya faɗi a gaban jama'a, masu shakka ma sun gaskata. Kawu Inoussa yana gasa kwatan abin da aka saba, shi ma ba ya ƙarewa. Baba yakan tambaya, "Yau an sayar?" mu ce an sayar. Maƙwabta muke rabawa.

Maganar aure, kin ce an ɗaga. Ni ma na ɗaga. Ina son Muslim, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan bar mahaifina a haka in tafi gidan da aka fara wannan maganar ba.

'Yarki,
Afra'u

Zango, Lome, watan Jimada Sani

Yaya Asiyatu,

Assalamu alaikum. Muslim ya kira ya ce kun isa Jega lafiya, sai ƙafa da ta kumbura saboda zaman mota. Allah ya ƙara sauƙi. Ni ɗinki ya warke, na koma fita bayan la'asar. Hajara ta ce kin manta mayafinki a kan igiya, za a aiko.

Har yau ana maganarki a Zango. Mai koko tana kwaikwayon yadda kika sauko daga taksi da sandarki, ba ki shiga gida ba, kika ce a fito miki da benci gaban tukuba, a kira Alasan.  Abin da suka fi maimaitawa shi ne da Inoussa ya ɗauki wuƙa kika ce, "Ajiye. Shi zai yanka mini, da hannunsa zai ba ni." Da kuma yadda kika riƙa tsayar da duk wanda ya zo wucewa kina cewa, "Ni ce Asiyatu ta Jega, ni na aiko a tambayi ciwonsa, ƙarya na jawo masa. Zo ka zauna mu ci." Kwana uku kina wannan, ke da ba ki da haƙoran kirki. Kuma Afra'u ta gaya mini ta miƙo miki takardun asibiti kin ce ta mayar inda ta ɗauko.

Ba zan ce miki komai ya koma yadda yake ba. Wajen rabin mutanena sun dawo. Wasu kunya ce ta hana su, wasu har gobe sun yarda da abin da suka ji. Rahinatou ta aiko da gaisuwa, ban amsa ba tukuna. Ni ma na yi miki zargin da ba shi da tushe a kan wata yarinya a Jega, ki yafe.

Yanzu cokali ɗaya na man ja ake sa mini a miya. Afra'u da kanta take zubawa, tana tsaye har in gama ci. Na ɗan ciko, amma likita ta ce kada in koma inda na fito, kuma ba ni da niyya.

Jiya Afra'u ta same ni ta ce in gaya miki a buɗe akwatunan, amma sai bayan ƙaramar Salla, tana so ta yi azumin bana a nan ta ga yadda zan yi da buɗa-baki. Na ce to. Ki sanar da baffannin Muslim.

Daren jiya ban fita ba, amma yau da yamma wani ya zo, mutumin da muka yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, wanda duk watannin nan in ya hango ni sai ya sauya hanya. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, a ba ni irin wanda aka saba." Na yanka masa, na barbaɗa yaji, na naɗe a takarda na miƙa masa. Ya tsaya yana jiran gyaran da nake ƙara masa kullum. Na ce masa a gaida gida.

Ƙaninki,
Alasan